Katako Tara na Ɗakin Dada

Har yau idan na bi ta inda ake rufin gida, na shaƙi warin baƙin man da ake shafa wa katako saboda gara, sai gabana ya faɗi. Wasu ƙamshin miyar kakarsu ke tuna musu da yarinta, ni kuwa wannan warin ne. Makon jiya maƙwabcina ya fara rufin ɗakunansa, na tsaya a bakin katanga ina kallon sama har kafintocin suka fara raɗa a tsakaninsu ko lafiyata ƙalau. Ba aikinsu nake rainawa ba. Wani abu nake ƙirgawa, kuma zan gaya maka ko mene ne in ka yi haƙuri da ni, don ban wuce firamare ba, ban kuma iya gajarta magana ba.

Gidanmu yana unguwar Barade a nan Jalingo. Lokacin da nake ba ka labari, ba a fi shekara biyu ko uku da mai da garin babban birnin jiha ba. Ko'ina ka juya gini ake yi, dajin da muke zuwa tsinkar kanya an share shi an yanka filaye. Ni ina aji biyar. Ɗakuna uku ne a jere a gidan, na mahaifiyata, na matar Baffa ƙanin mahaifina, da na kakana. Sai ɗaki na huɗu da ke tsaye shi kaɗai ta gabas, ƙofarsa na kallon fitowar rana. Wannan shi ne ɗakin kakata, wadda kowa a gidan yake kira Dada, har mu jikoki. Duk rufin kwano ne, ba silin, in ka kwanta kana ganin katakon da ke ɗauke da shi.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da ni kafin mu yi nisa. Ni ɗan fari ne. A gidanmu, kamar yawancin gidajen Fulani na da, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya hira da shi, ba ya ma yarda a ga ya tsaya yana kallonsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Mahaifiyata ma haka. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga Dada, a bayanta na girma. In mahaifina yana son a aike ni, sai ya ce wa ƙanena, “Gaya wa wancan ya je kaza.” In ni nake son wani abu a wurinsa, ko da fensir ne, kakana nake gaya wa, shi ya isar. Kakana shi ne bakina, shi ne kuma kunnen mahaifina. Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɓarawon matarsa, don Dada “maigida” take kirana.

Daminar da ta gabaci wannan shekarar ta zo da iska mai ƙarfi. Gidaje da yawa a unguwarmu sun rasa rufi. Namu bai tashi ba, amma Tsoho ya ce ya ji ƙololuwar ɗakinsa tana kuka kamar tsohuwar ƙofa, kuma da aka ɗauke ruwa ya ga haske yana shigowa ta inda da babu. Mahaifina fataucin shanu yake zuwa kudu, sai ya yi wata ba a gan shi ba, saboda haka gyaran gida yana hannun Tsoho. Bayan an gama girbi ya sa aka kawo katako, ya kuma kira wani dattijon kafinta, Mumuye ne, gajere, mai fensir a bayan kunne da yatsa ɗaya da ya guntule.

Makaranta tana hutu, don haka kullum ina gindin tsani. Wata rana na tambaye shi me ya sa yake yanka katakon gajere-gajere, alhali na rufin dogaye ne. Ya ajiye zarto, ya haɗa kan yatsun hannayensa biyu kamar rufin ɗaki.

“Wannan rafta, wannan rafta,” in ji shi, da irin Hausarsa. “Mutane suna tsammani nauyi ne yana kashe rufi. Ba nauyi ba. Iska ne. Ya shiga ta ƙofa, ba shi da hanyar fita, sai ya tura sama. Ƙusa biyu ne kawai ya riƙe kan rafta. Sai ya yi haka.”

Ya buɗe yatsunsa a hankali, kan rufin ya rabu biyu. Sannan ya sake haɗa su, ya ce in zaro fensirin kunnensa in gicciya shi tsakanin tafukansa, ƙasa kaɗan da inda yatsun suka haɗu. Na gicciya. Ya ce, “To, in an buga wannan, su biyu sun zama ɗaya. Iska ya zo ya gaji ya tafi.”

Aikin ke nan. Kowane rafta biyu da suka haɗa kai a ƙololuwa, sai ya gicciya musu guntun katako mai tsawon kamu biyu da ɗan ɗoriya, ya buga ƙusa uku a kowane gefe, ya lanƙwasa bakin ƙusar ta baya don kada ta zare. Kafin ya hau da su sai ya shafe su da baƙin mai ya jingine su sha iska. Tsoho yana zaune a kan buzunsa a tsakar gida yana kallo, yana kurɓar fura, yana cewa a ƙara ƙusa. A kwana huɗu aka gama ɗakuna ukun da ke jere.

Ɗakin Dada aka bari ƙarshe. Dalilin shi ne sai ta kwashe jeren tasoshinta da ƙoren nono da ta jera har kusa da rufi, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa su. Amma Tsoho cewa ya yi, “A bar ta ƙarshe, wannan ko iska tsoron bakinta take ji.” Dada ta leƙo ta ce, “Ai na ga alama, shekara hamsin kai ma ba ka tashi ba.” Ranar Alhamis kafinta ya auna ɗakin, ya yanka katako tara, ya shafe su, ya jingine su a bayan zaure. Ya ce zai dawo Asabar ya buga.

Ranar Juma'a da hantsi Tsoho ya fito ya zauna a buzunsa kamar kullum. Ya ce in miƙo masa buta. Kafin in dawo da ita ya karkata gefe ɗaya. Ko kalma bai ƙara ba.

Ka san yadda muke yi, ba a ajiye gawa. Mahaifina yana kudu, sai Baffa ya tsaya a kan komai, aka ce bayan an sauko daga masallaci za a yi jana'iza. Samarin unguwa suka tafi haƙa kabari, wasu suka tafi saro itacen da ake jerawa a kan ƙaramin ramin kafin a rufe da ganye da ɗanyar ƙasa. Da can a bakin maƙabartar ake sara. Amma a shekarar an share wurin ana gini, sai suka dawo da 'yan sanduna huɗu, sirara. Na ga Baffa a ƙofar zaure, idonsa jajir, yana ta faɗa yana cewa ga lokaci yana tafiya, da me za a rufe tsoho.

Ban san me ya shiga kaina ba. Ko kuwa na sani. Tun safe kowa yana da abin da yake yi wa Tsoho, masu wanka, masu ɗinkin likkafani, masu haƙa, ni kaɗai nake tsaye da butar da ban samu na miƙa masa ba. Sai na ji bakina yana cewa, “Baffa, akwai katako a bayan zaure.” Ya je ya duba, ya ɗaga ɗaya ya gwada da hannunsa. Tsawon daidai, kamar don wannan aka yanka. Ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Bai tambayi na mene ne ba, ya ɗauka ragowar aiki ne. Ni na ɗauki uku a kaina har maƙabarta, baƙin man yana ɗiga a wuyan rigata. Na tsaya na ga an jera su tara a kan Tsoho, aka toshe da ganye, aka mayar da ƙasa. A ranar har wani sanyi na ji a raina, cewa na yi masa wani abu.

Mahaifina ya iso ranar Lahadi. Ranar sadakar uku kafinta ya zo, ya durƙusa a ƙofar zaure ya yi gaisuwa, ya zauna kaɗan a bakin tabarma. Da zai tafi ya zaga bayan zaure, ya ga wayam, ya yafito ni. Na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallon inda man ya bar tabo a jikin bango.

“Ba laifi,” in ji shi. “Tsoho ya isa a ba shi.” Sannan ya rage murya. “Yau ba ranar maganar aiki ba. Kuma na san al'adarku, tsohuwa yana zaman takaba, namiji ba zai shiga ya hau kansa da guduma ba. Ni zan tafi aiki hanyar Mambila. Ka faɗa wa babanka, ɗakin gabas ba a yi shi ba. Tsohuwa yana gamawa a nemi kafinta, ko ni ko wani. Kada ruwa ya riga ku.”

Ya tafi. Shi bai san cewa saƙon da ya ba ni, ga wanda ya ce in kai wa, ya fi ƙarfina ba. Wanda zai kai mini shi yana kwance ƙarƙashin katakon.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Na zauna na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa, na nemi gawayi na ja layuka a bangon wani ɗan ɗaki da ke kusa da zaure, inda nake kwana. Duk yadda na juya lissafin, ranar fitar Dada tana faɗowa daidai lokacin da hadarin farko yake fara haɗuwa. Ko ta riga shi da 'yan kwanaki, ko ya riga ta. Kullum da safe sai in goge layi ɗaya, in fita in dubi gabas, ko da yake a lokacin rani ne tsantsa, ko gajimare babu.

Dada na fara gaya wa, bayan sadakar arba'in. Na same ta zaune a tabarma da carbi, ta rame, ta cire awarwaronta, ba kwalli a idonta. Na zauna kusa da ita na ɗaga kai. Raftocin suna nan tsirara, tara a wannan gefe, tara a wancan, ba abin da ya haɗa su sai ƙusoshin ƙololuwa da suka yi tsatsa. Na faɗa mata duka, har da cewa ni na nuna wa Baffa. Ba ta ɗaga kai ta duba ba.

“Maigida,” ta ce, “kada in ji wannan maganar a bakin kowa. So kake a ce a gidan nan ana bin sawun abin da aka rufe tsoho da shi? In na fita, ni zan gaya wa ubanka da bakina.”

Na ce to ta koma ɗakin mahaifiyata kafin lokacin. Ta ce a nan ya bar ta, a nan za ta cika masa kwanakinsa, kuma ba za ta je ta takura wa surukarta ba. Na ce ko ɗakin Tsoho, ai an gyara shi. Nan ne ta kalle ni, ta ce ba za ta iya kwana inda rigunansa suke rataye ba. Ban sake tayar mata da maganar ba.

Na gwada Baffa. Na same shi yana wanke kekensa, na tsuguna na ce, “Baffa, ɗakin Dada.” Ya ce, “Me ya same shi, yoyo yake?” Na ce a'a. Ya ce, “To me?” Na buɗe baki, sai na tuna idonsa ranar jana'iza da albarkar da ya sa mini. In na faɗa, kamar ina cewa shi ya kwashe rufin uwarsa ya kai maƙabarta. Kuma ga gargaɗin Dada. Na ce iska nake tsoro. Ya yi dariya ya ce, “Kai ka cika tsoro kamar kaza. An kawo kafinta ya gyara gidan nan kaf a gabanka.” Ya ci gaba da wankinsa.

Har da kaina na so in yi wani abu. Wata rana Dada ta zaga wanka, na ɗauko igiyar ɗaure akuya, na jawo turmi cikin ɗakin na hau, wai in ɗaure raftocin. Ko rabin tsawon ban kai ba. Na tara duwatsu ina jefawa kan rufin don su danne shi, kamar yadda na ga wasu gidaje suna yi. Na biyu da na jefa ya gangaro ya kusa fasa randar matar Baffa, aka ja mini kunne, aka ce maraicin Tsoho ne ya taɓa ni.

Zafi ya shigo. Mangwaro ya fara nuna, kwanon rufi yana ƙara da rana tsaka kamar ana taka shi. Layukan bangona suka ragu zuwa ashirin da 'yan kai. A makon ne mahaifina ya dawo daga tafiya. Na ce wa kaina yau ko kashe ni zai yi sai na faɗa. Na haddace maganar, jimla biyu ce kawai. Bayan azahar yana zaune a zaure shi kaɗai yana sauraron rediyo, ƙanena yana wasa a gefensa. Na zo na tsaya a bakin ƙofa. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ya san ina wurin, don na ga ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya ce wa ƙanena, “Tambayi wancan me yake so.”

Ƙanena ɗan shekara shida ne. Ya zo ya tsaya a gabana yana tsotsar ƙwallon mangwaro, ya ce wai me kake so. Na dubi yaron. Ta yaya zan ɗora masa wannan, kabari da katako da takaba, ya kai taku huɗu ya sauke? Kuma in na ɗaga murya na yi wa mahaifina magana kai tsaye, na yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Na ce, “Ba komai.” Ƙanena ya juya ya ce, “Wai ba komai.” Mahaifina ya ƙara muryar rediyo. Washegari ya koma kudu.

Saura kwana goma sha ɗaya Dada ta fita takaba. Tun safe garin ya yi tsit, ba ganyen da ke motsi, zufa tana zuba ko kana zaune a inuwa. Bayan la'asar na je kwanto awaki a bayan gida, sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa har sama, gindin hadarin ya yi wani ja-ja. Na saki igiyar na ruga. Kafin in shiga gida iska ta fara, mata suna ta kwashe shanya, kaji suna gudu.

Dada tana zaune a inda take zama, ƙofarta a buɗe saboda zafi. Na ce, “Dada, ki fito.” Ta ce, “In je ina? Jawo mini ƙofa.” Na kama ƙofar kwanon na ja, iska ta fizge ta daga hannuna ta buga da bango, hinjin sama da ke riƙe da ita ya ɓalle. Na sake cewa ta fito. Ta ce, “Maigida, kubewata tana shanye a kan tabarma, maza ka kwaso kafin iska ta kai ta garin Kona.” Na sani, ko a lokacin na sani, cewa so take ta fitar da ni. Amma ba a yi mini tarbiyyar in ƙi aiken Dada ba. Na juya.

Na kai tsakiyar gida na sunkuya a kan tabarmar, sai na ji ƙara a bayana, ba mai ƙarfi ba, kamar an karya rake. Na waiwaya. Ƙololuwar ɗakin ta buɗe a hankali, daidai yadda kafinta ya buɗe yatsunsa. Rabin rufin ya miƙe tsaye, ya tashi ya haye katanga ya faɗa kan mangwaron maƙwabta. Ɗaya rabin da ya rasa abin jingina ya rufta ciki, ya jawo layin bulo na saman bango tare da shi. Sannan ruwa ya sauko.

Ɗakuna ukun da ke jere ko motsi ba su yi ba. Falle ɗaya na kwano ne ya ɗage a na matar Baffa.

Maza suka shigo suka ɗaga katako da bulo. An same ta a zaune kusan yadda na bar ta, rafta ɗaya a kan kafaɗarta da ƙirjinta, tasoshinta sun watse cikin ruwa. Aka kai ta asibiti. Ta yi kwana biyu. Ranar ta biyu mahaifiyata ta aike ni da kunu, na same ta idonta biyu, numfashinta yana fita da ƙyar. Ta yafito ni da yatsa. Na kai kunnena.

“Ka ga mijin nan nawa,” ta ce. “Bai iya jira in cika masa kwana goma sha ɗayan ba.” Ta huta, sannan ta ce, “Ni na hana ka. Ka ji ko? Ni.”

Kafin azahar ta cika. Da aka zo neman itacen kabari ba wanda ya sha wahala. Raftocin ɗakinta suna jibge a tsakar gida. Baffa ya sa aka kawo zarto aka yanka su kamu biyu-biyu. Ina tsaye ina kallo, wannan karon ban ce komai ba, ban kuma ɗauki ko ɗaya ba.

Bayan sadakar bakwai kafinta ya zo, labari ya iske shi a can inda yake aiki. Ya gaisa da mahaifina, suka shiga tare suka tsaya a gaban kangon. Ni ina raɓe a jikin rumbu. Ya ɗaga wani guntun rafta ya duba kansa, ƙusoshi biyu sun zare sun miƙe. Ya ajiye. Ya ce, “Yaro bai faɗa maka ba?”

Mahaifina ya juyo. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya dube ni ido cikin ido, kuma na farko da ya yi mini magana ba ta bakin wani ba.

“Tun yaushe ka sani?”

Na ce tun ranar da aka binne Tsoho.

Sannan ya ce, “Ranar da ka tsaya a ƙofar zaure. Wannan ne?”

Na ce e.

Na jira mari, wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Bai taɓa ni ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya shige ɗakin Tsoho ya rufe ƙofa. Bai fito ba sai da aka kira magariba. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da aka zo sake rufin ɗakin, bai tafi kudu ba, shi ya riƙe wa kafinta tsani, kuma ya ce maimakon tara a gicciya biyu-biyu. Ba wanda ya sake kwana a ciki, buhunan masara aka riƙa ajiyewa.

Kada ka ɗauka daga ranar muka zama abokan hira. Har ya rasu bai kira sunana ba. Abu ɗaya ne ya sauya. In na zo na tsaya a ƙofar zaure, ba ya ƙara aiko ƙanena. Sai ya kashe rediyo, ya yi gyaran murya, ya jira, fuskarsa tana kallon bango. Ni kuma in faɗi abin da ya kawo ni, ina kallon ƙasa.

Yanzu garin ya zama wani gari. Rufin da ake yi dogaye ne masu launi, an rufe ciki da silin mai ado da fitilu, mai gida zai shekara ashirin bai san abin da ke saman kansa ba. Da na samu na gina 'yan ɗakunana, na sa an bar mini ƙofar leƙe a silin kowane ɗaki. Kowace shekara in mangwaro ya fara nuna sai in ɗauko tsani da tocila in hau, in taɓa katakon gicciyen ɗaya bayan ɗaya, in girgiza, in sauko. Wani lokaci ina saukowa sai in ji ban tabbata na ƙirga daidai ba, in sake hawa. Matata ta gaji da magana. A bayan gida kuma akwai guntayen itace da na ajiye ƙarƙashin tsohon kwano, ba na girki ba ne, kowa a unguwa ya san na mene ne, in an yi rasuwa nan ake zuwa a ɗiba. Ban yarda a sake tsayawa a ƙofar wani gida ana neman abin rufe mamaci cikin gaggawa ba.

Na sha juya abin a raina, ban gama ba. Dada ta ce ita ce. Mahaifina, na san har kabarinsa yana ganin shi ne. Ni kuwa na san wanda ya ce akwai katako a bayan zaure, na kuma san wanda ya ce ba komai. Ba wanda ya yi mugunta a cikinmu. Kowa kunyar wani ya ji.

Ɗana na fari yanzu ya kai shekarun da nake da su a lokacin. Ina kiran sunansa, a gaban kowa, har goggonnina suna cewa na zubar da mutuncin gida. Na ƙyale su. Shekaranjiya ina gyara tocila na ga inuwarsa a bakin ƙofa, ya tsaya bai shigo ba. Na ce me ya faru. Ya ce ba komai. Na ajiye tocilar, na jawo shi na zaunar a gabana, na ce ba inda za mu je, ni da shi, sai na ji mene ne ba komai ɗin.